Kiran Duna: Wata Safiya a Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi ta taga motar haya kawai zai ɗauka babu komai a cikinta sai shagunan magani, masu jinya da ke tururuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ƙarar adaidaita sahu daga Titin Zariya har gadar Dangi. Ni ma haka na ɗauke ta, sai ranar wata Asabar cikin hunturu da na fito daga sallar asuba a wani lungu da ke bayan Court Road, na ji fito sau biyu, gajere da dogo. Kafin in waiga, wani baƙin kare ya wuce ni a guje, ya je ya tsaya cak gaban wani dattijo mai riƙe da doguwar igiya.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan kuwa ya san hannu." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, bai sani ba tukuna. Watansa takwas, yanzu ne kansa ke hayaƙi." Mafarauci ne, ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, sunan karen Duna. Ya ce ɗan kwikwiyo mai wata uku ko huɗu ba ya rabuwa da ƙafar mai shi, sai mutum ya zaci ya gama horo. Da zarar ya tasa, hancinsa ya buɗe, ƙanshin zomo ko na karya ya fi masa muryar ubangidansa daɗi.

Abin da dattijon ya gane ta hanyar gogewa, masana sun auna shi. A shekarar 2020 wasu masu bincike ƙarƙashin Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle da ke Ingila sun wallafa cewa karnuka 'yan wata takwas sun fi 'yan wata biyar ƙin bin umarnin masu kula da su, alhali suna bin na baƙo. Wato taurin kan na ɗan lokaci ne, kuma na gida ake yi wa.

Na roƙe shi in raka shi, ya yarda. A Gyaɗi-Gyaɗi, kamar Hausawa da Kundila da Unguwa Uku, gine-gine sun cinye filaye, don haka sai da muka bi Titin Zariya muka fita wajen Tamburawa, inda aka girbe gonaki, kafin ya sami wurin sakin kare. Can na ga tsarin aikin. Ba ya kwance igiyar gaba ɗaya. Yakan bar ta tana jan ƙasa, domin in kira bai ci ba ya taka ta. Kira ɗaya yake yi, ba ya maimaitawa, don a cewarsa kiran da aka yawaita yakan zama kamar kukan tsuntsu a kunnen kare. In Duna ya dawo, sai ya ciro ɗan busasshen nama daga aljihu ya ba shi, ya shafa wuyansa, sannan ya sake sakinsa. Ya ce in duk kira ɗauri ne ke biyo bayansa, kare zai gane, ya daina zuwa.

Sau ɗaya Duna ya hango wani abu a cikin karan dawa, ya yi biris da fito. Na zaci dattijon zai bi shi da gora. Maimakon haka sai ya juya ya kama sauri zuwa wata fuskar, yana kiran tsohuwar karyarsa. Da Duna ya ga za a bar shi, sai ga shi yana haki. Bai doke shi ba. "Malam," in ji shi, "in ka doki wanda ya dawo, dawowar ka hukunta. Gobe ba zai zo ba."

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a addininmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo in an ambaci sunan Allah, kuma malaman fiƙihu sun bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ashe amsa kira na cikin sharuɗɗan da ke raba karen farauta da karen bola.

A unguwa mai cunkoso irin wannan, maganar ta wuce ta farauta. Karen da ba ya jin kira zai iya faɗawa ƙarƙashin tirela, ko ya ciji yaro a hanyar islamiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana da wuya a tsira. Saboda haka horo kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da allurar rigakafi a asibitin dabbobi. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti ranar.

Da muka dawo da hantsi, mun wuce wasu samari zaune a bakin kwalbati, babu makaranta babu sana'a. Ba ina kwatanta ɗan Adam da kare ba ne, Allah ya tsare. Amma na tuna yawan gidajen da yaro in ya yi laifi ya dawo, zagi da bulala ne ke tarbarsa a zaure, har ya gwammace kwana a waje, inda masu daba ke jiransa da fara'a. Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, muna mantawa cewa ɗanyen ma yana karyewa in an matsa.

A ƙofar gidansa dattijon ya ɗaure Duna a inuwa, ya zuba masa ruwa a kasko. Na tambaye shi yaushe zai saki igiyar kwata-kwata. Ya ce, "Sai ranar da ya ga zomo, ya ji fitona, ya zaɓe ni. Wataƙila baɗi."