Kuka da Gawo Cikin Hazo: Daga Boɗinga Zuwa Shagari

Da sanyin safiya na bar Sakkwato a watan Janairu, kyamara naɗe cikin rawani saboda ƙura, na kama hanyar Jega. Hazo ya sauka sosai, rana ta fito fara fat, kana kallonta ba ka runtse ido ba. Yawancin ƙurar nan iskar hunturu ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Masu hoto da dama kan ajiye kyamara a irin wannan yanayi, ni kuwa shi na fito nema.

Zangona na farko Sifawa ce, a ƙasar Boɗinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. A bayan gari an gama girbi, gonaki sun zama fili fetal. Nan na iske wata kuka ta zubar da ganye kaf, 'ya'yanta na reto, gindinta duk tabon ɓawon da aka saɓule don tufkar igiya. In ka ɗauke ta daga tsaye, rassanta cakuɗewa suke da itatuwan baya. Sai na durƙusa, rassan suka hau sararin sama, kowanne ya fita sarai. Na ajiye ta a gefe guda na hoton, na bar wa fili sauran, na jira har wani mai jaki ya gifta ta gindinta, domin mai kallo ya gane girmanta.

Wani dattijo da ke ɗaure kara ya dube ni ya ce, "Yaro, mi kaka ɗauka ga iccen da ba shi da ganye?"

Na ce, "Baba, ai yanzu ne ake ganin surarsa."

Ya ce to in kore nake so, in nemi gawo.

Bayan na wuce mararrabar Yabo kuwa sai ga itatuwan gawo jere cikin gonaki, kore shar, awaki na tsintar 'ya'yan a ƙasa. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo, shi ya sa ba ya tare wa gero rana, manoma kuma ba sa son a sare shi. Na zagaya har na sami inda gawo ke gaba, kuka tsirara na bayansa, hazo ya raba tsakaninsu: na kusa ya fito da duhu, na nesa ya dushe.

A Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983, na zauna inuwar dogon yaro ina gyaran hotunan a manhajar Lightroom. Na rage hasken sama kaɗan don da'irar rana ta bayyana, na ƙara wa gindin kuka duhu, na yanke wayar lantarkin da ta shigo ta gefe. Maɓallin kawar da hazo kuwa ban taɓa shi ba. Da ka ja shi, sama za ta yi shuɗi, nisa ya ɓace, hoton ya daina zama na hunturu.

Ga matasanmu masu hoto da waya ko kyamara: ku fita kafin hantsi, ku durƙusa, ku yi haƙurin jira. In kun zo gyara kuma, ku bar wa ƙasarmu hazonta, domin haka Allah Ya yi hunturunmu.