Littafin Baba Soja

A Kafanchan aka haife mu, kuma a gidan haya muka yi wayo. Wannan ba zai ba wanda ya san garin mamaki ba, domin tun da layin dogo ya iso daga Fatakwal a 1927, ya rabu biyu a nan, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya haura Jos, baƙi ke ta kwararowa, shi kuwa baƙo ba ya zuwa da ɗaki a ka. Mahaifinmu tela ne, akasarin masu kawo masa ɗinki kuwa ma'aikatan jirgin ƙasa ne. Ciki da falo muka kama a gidan wani dattijo mutumin Kagoro, wanda kowa ke kira Baba Soja saboda aikin da ya yi ritaya daga gare shi.

Baba Soja yana da wani littafi mai baƙin bango. Kowane ƙarshen wata yakan zauna a ƙofar ɗakinsa, wanda ya biya a yi masa alama da shuɗin biro, wanda ya gaza a yi masa da ja. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 jirage suka fara ƙaranci, ɗinki ya ja baya, ana cikin haka kuma ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifinmu a 1992. Wata bakwai cur jan biro ne a gaban sunansa.

A wata na huɗu mahaifiyarmu ta kwance kan keken ɗinki, ta ɗora mana, muka bi ta har gaban dattijon, ta durƙusa ta ce, "Baba, a riƙe wannan jingina." Ya daɗe yana duban keken, sa'annan ya ce, "'Yata, in na riƙe wannan, in Allah ya tashi kafaɗunsa da me zai biya ni? Ku mayar."

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi muke siffantawa. Bai yafe ko kwabo ba. Ɗiban ruwansa da sharar tsakar gida suka dawo kanmu, gaisuwarmu ma wani lokaci da ka yake amsawa. Mun kuma ga ranar da ya cire ƙyauren wani maƙwabcinmu da ya yi wata uku bai biya ba, alhali kullum daga gidan burkutu yake dawowa. Abin da ya raba hukuncin biyu shi ne a gida ɗaya muke kwana da shi, yana jin tarin mahaifinmu da tsakar dare, yana ganin murhun da aka hura da wanda ba a hura ba. Sai da muka girma muka ji cewa akuyoyinsa biyu ya sayar a daminar nan ya biya wa autarsa kuɗin makaranta. Kusan shekara biyu mahaifinmu ya yi yana rage bashin, wani da kuɗi, wani da ɗinkin kayan makarantar jikokinsa.

Yau galibi kuɗin shekara ake karɓa a dunƙule, mai gida yana Abuja ko Kaduna, ejan ne a tsakani, shi kuwa ejan kamashonsa yake dubawa. Doka dai ta tanadi notis, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, sai ƙarin kwana bakwai kafin a je kotu, amma duk da haka akan sami mai kware kwanon ɗaki ana tsakiyar damina. Mun sha yin tir da wannan a gaban ɗalibai, da bakin wanda bai taɓa bin kowa kuɗin haya ba.

To, sai ga shi mun gina ɗakuna biyu a Kafanchan, muka damƙa wa ejan. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da kewaye, ɗaya daga cikin 'yan hayarmu kuwa da fataucin citta yake ci da iyali. Shekara ta zagayo bai biya ba. Ejan ya bugo waya ya ce, "Dakta, a ba shi notis?" Mu kuma ba mu gama biyan bashin da muka ci a yajin aikin wata takwas na 2022 ba. Har mun buɗe baki za mu ce a ba shi, sai muka tuna ko fuskar mutumin nan ba mu sani ba.

Da hutu ya zo muka shiga mota muka tafi. Muka tarar da shi a kan tabarma da 'ya'ya huɗu, babban ba zai wuce shekarun da muke da su ranar da muka ɗauki kan keke ba. Ya miƙe yana "Ranka ya daɗe," ya shiga ɗaki ya turo babur ɗinsa ya ce mu riƙe. Muka ce ya mayar, amma fa ba da sakin fuska ba, domin muna faɗa muna lissafin kuɗin makarantar namu yaran.

A hanyar tasha muka tsaya wani kanti muka sayi littafi da biro biyu. Har yanzu akwai sauran wata biyar da ja a gaban sunansa, ejan kuma bai daina kira ba.