Zazzaɓin da Ke Kwana a Hanta

A farkon shekarun 1950, sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Koriya sun riƙa kwanciya da zazzaɓin cizon sauro watanni bayan sun koma gida, a garuruwan da babu mai ɗauke da cutar. An ba su kulorokwin a fagen daga, sun warke sarai, sai ga cutar ta sake tashi ba tare da sabon cizo ba.

Dalilin yana cikin hanta. Nau'in ƙwayar cutar da ake kira vivax, da ɗan'uwansa ovale, ba sa sakin duk rundunarsu cikin jini lokaci guda. Wasu ƙwayoyin sukan maƙale a hanta su yi barci, makonni ko watanni, sannan su farka. Maganin da ke wanke jini ba ya kai musu. Sai a 1980 Wojciech Krotoski da abokan aikinsa suka ga waɗannan masu barci da idonsu, a hantar biri. Maganinsu kuwa ya riga ganinsu da kusan shekara talatin.

Wannan magani shi ne firimakwin, wanda Amurka ta amince da shi a 1952. An gwada shi a kan fursunonin kurkukun Stateville a jihar Illinois, waɗanda aka sa sauro ya cije su da gangan, abin da da wuya wani kwamitin ɗa'ar bincike ya yarda da shi a yau. A can ne aka lura cewa wasu daga cikin masu shansa jajayen ƙwayoyin jininsu kan farfashe, fitsarinsu ya yi duhu. Bin diddigin wannan ne ya kai ga gano ƙarancin sinadarin G6PD a 1956, wani hali na gado da ya yawaita daidai a yankunan da zazzaɓin ya daɗe yana addaba, har da Afirka ta Yamma.

Ga kuma tsawon sha. An saba ba da firimakwin na kwana 14, alhali zazzaɓin kan sauka cikin 'yan kwanaki. Manomi ko mai haƙar zinari a dajin Amazon da ya ji ƙarfin jikinsa ba zai cika lissafin sauran ƙwayoyin ba, kuma ba a ga laifinsa sosai.

Tafenokwin, da Amurka ta amince da shi a 2018, sha ɗaya ne, miligiram 300, kuma Brazil ce ta fara shigar da shi tsarin lafiyarta na gwamnati. Sai dai abin da ya sa shi sauƙi shi ne haɗarinsa. Yana daɗewa a jiki har makonni, don haka idan jini ya fara farfashewa babu damar a ce a dakata, kamar yadda ake yi da firimakwin. Dole a auna G6PD da na'ura kafin a ba da shi, kuma mai juna biyu ba ta sha. Wani gwaji a kan sojojin Indonesiya ya ƙara rage murna, domin da aka haɗa shi da maganin dangin atemisinin maimakon kulorokwin, kariyar da ya bayar ba ta taka kara ta karya ba.

A Nijeriya da Nijar, falciparum ne ke kisa, kuma ba ya barci a hanta. Zazzaɓin da ya dawo a Kano galibi sabon cizo ne, ko maganin da ba a shanye ba, ko jabu. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da sinadarin Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, ƙofar da vivax ke bi, amma ovale ba ya bukatar wannan ƙofa. An kuma samu vivax a jinin marasa Duffy a Madagaska, yana nan kuma a Habasha da Sudan. Likitan da mara lafiya ya zo masa karo na uku bayan dawowa daga can yana da dalilin tambayar nau'in ƙwayar kafin ya sake rubuta magani.