Magajin Garin Ikko na Shekara Uku

Fataken goro da masu kai shanu sun daɗe da sanin Ikko tun tana babban birnin Nijeriya, amma kaɗan ne a cikinsu suka damu da sanin wanda ke yanka kuɗin rumfa a kasuwa, ko ya tura duba-gari unguwa. Aikin majalisar gari ne, kuma labarin yadda ake shiga cikinta ya fi aikin nata daɗin ji.

Turawa suka kafa ta a 1917, gwamna ke naɗa wanda ya ga dama. A 1920 aka ɗan sassauta, aka ba mutanen gari kujeru uku su zaɓa, su ma maza masu abin hannu kaɗai. Kujeru ukun nan ne suka zama makarantar siyasa. Jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay, wadda aka kafa a 1923, ta riƙe su kamar gadon gidansu, sai a 1938 samarin ƙungiyar NYM suka ƙwace.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne 1950. A shekarar aka ce kujerun majalisa 24 duk na zaɓe ne, kuma duk baligi, mace ko namiji, mai gida ko ɗan haya, yana da ƙuri'a. Ka tuna fa, matan Arewa sai bayan fiye da shekara ashirin suka samu wannan dama. Ɓangaren NNDP da ƙawayenta na ƙungiyoyin ƙwadago ya yi rinjaye, aka ɗora likita, Dokta Ibiyinka Olorun-Nimbe, a kujerar magajin gari, Mbonu Ojike, ɗan ƙabilar Ibo, ya zama mataimakinsa. Wannan haɗi bai yi wa masu ganin kansu 'yan asalin gari daɗi ba, balle fadar Sarkin Ikko Adeniji Adele, wadda ta ga an yi mata kishiya a tsakar gida.

Ba a je ko'ina ba zargin almundahana ya taso. Aka kafa bincike, aka rushe majalisar a 1953, aka soke muƙamin magajin gari ɗungurungum, aka mai da sarki shugaban majalisa. Ban ce kansilolin waliyyai ba ne. Amma da gyara ake nufi, ai da mutanen aka canza, aka bar kujerar. A ganina hukuma ce ba ta son wani mai ƙuri'ar jama'a ya riƙa ɗaga mata murya a garin da take kwana.

Da gwamnatin tarayya ta kwashe kaya zuwa Abuja a Disamban 1991, ba a manta da wannan darasi ba. Mazauna can suna zaɓen ciyamomi da kansiloli a ƙananan hukumomi shida, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Fili da titi da manyan kuɗi kuwa suna hannun ministan Abuja, shi kuma shugaban ƙasa ke naɗa shi.