Darma a Murhun Gidanmu

Akwai wani abu da ya faru a gidanmu da ranin bana, mun daɗe muna juya shi a zuci, a faɗa ne ko a bari. Daga baya muka ga ɓoye shi ba alheri ba ne, don wataƙila irinsa na nan a wasu gidajen ba a lura ba.

Wata Laraba muka dawo daga Lafiya, mun kai buhunan riɗi, muna shiga zaure muka ji wani wari mai shaƙe maƙogwaro. Muka leƙa madafi, sai ga ɗan ƙanenmu, saurayi ɗan shekara goma sha tara, tsugune gaban murhu. Ya aza wani gwangwani a kan wuta, darma na narkewa a ciki, ga fasasshen batirin mota a gefe. Jikokinmu biyu, babbansu bai kai shekara biyar ba, suna zaune a ƙasa suna kallo, ɗaya na wasa da ɓarɓashin da ya zube.

Muka ce, "Kai, me kake yi haka?"

Ya ce, "Baffa, harsashi nake zubawa. Na farauta ne kawai, wallahi ba na wani abu ba."

Ba za mu ɓoye muku ba, da muka duba kayan aikinsa sai da muka yi mamaki. Duk da hannunsa ya haɗa su daga tarkacen ƙarfen da ake zubarwa: mazubi, ɗan ludayi mai doguwar ƙota, har da wani ɗan sikeli na awo. Aiki tsaf, kamar na wanda ya shekara goma a maƙera. Ya ce a waya ya ga yadda wasu a Amurka ke haɗa irin waɗannan kaya a gidajensu don sha'awar harbi, shi ne ya gwada. Da muka ɗaga murya sai ya ce, "To Baffa, ba kai ka ba mu labari ba cewa kakanmu maharbi ne?"

Gaskiya ya faɗa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Muna yara mun san burgamensa na fata, da ƙahon da yake zuba albarushi, da dogon tsinken ɗuri. Yakan dawo da zabi, wani lokacin zomo ko gada. Amma akwai abin da yaron bai sani ba. Tsohon bai taɓa haɗa kayan harbinsa a tsakar gida ba, kuma ba wanda ya isa ya taɓa burgamen nan. Farauta a wancan lokaci tana da shugabanni. Akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Maƙera, an san wa ke da bindiga da kuma abin da yake yi da ita. Yaro ba ya ɗauka sai ya yi shekaru yana bin manya yana riƙe musu kaya.

Daren nan ba mu yi barci sosai ba. Abubuwa uku suka tsaya mana a rai, su ne kuma muka zaunar da shi muka gaya masa bayan sallar asuba.

Na farko darmar kanta. Duk wanda ke sauraron rediyo a 2010 ya ji abin da ya faru a Zamfara, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Masu haƙar zinariya suna kai duwatsu cikin gida ana daka su ana niƙawa, ashe duwatsun cike suke da darma. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci, ta bi hannun yara zuwa baki. Yara sama da 400 suka rasu, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka shigo, aka riƙa kwashe ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin darma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin shanye ta. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, iyaye su yi ta cewa daƙiƙi ne ko kuma a ɗora wa iska. Mu da muke koyar da yara a Islamiyya da yamma, wannan ya fi komai tayar mana da hankali. A murhun da ake tuƙa wa iyali tuwo aka narka ta.

Na biyu doka. Dokar bindigogi ta Nijeriya tun 1959 take, ta ambaci bindigar toka irin ta gargajiya, ta kuma sa lamarin lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiya ta musamman don daƙile yaɗuwar ƙananan makamai. Mutumin Amurka da ya gani a waya yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa ne, mu muna ƙarƙashin tamu. In jami'an tsaro suka shigo suka ga mazubin harsashi a ɗaki, ba su da lokacin tambayar zomo za a harba ko me.

Na uku zaman da muke yi. Mu baƙi ne da kasuwanci ya kawo iyayenmu, muka zauna da mutanen ƙasar nan, muna saye muna sayarwa, muna halartar bikinsu da makokinsu. Ba mu manta da 2013 ba, shekarar da aka kashe jami'an tsaro da dama a Alakyo, da zaman ɗar-ɗar da ya biyo baya a wannan yanki na Lafiya. A irin wannan wuri, magana ɗaya ta fita cewa ana zuba harsashi a unguwar Hausawa ta isa ta rushe amanar shekara arba'in. Ba wanda zai tsaya ya ce ai yaro ɗaya ne mai sha'awa.

Ta fuskar addini ma mun tuna masa abin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa farauta don neman abinci halal ce, amma wadda ake yi don wasa kawai makaruhi ce. Muka tambaye shi, "Yunwa ce ta kai ka ko sha'awa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sha'awar haɗa kayan ce, Baffa. Ko bindigar ma ba ni da ita."

A nan muka gane inda laifinmu yake. Yaro ya gama sakandare shekara biyu, Allah ya ba shi hannu, mu kuwa kullum sai dai mu ce ya zauna mana a shago ya auna hatsi. Ba mu taɓa tambayarsa me yake so ba.

Uwargida ta jefar da gwangwanin da ludayin, aka kwashe tokar murhu da ƙasar wurin aka kai nesa da rijiya, aka wanke daɓen da ruwa maimakon shara don kada ƙura ta tashi. Jikokin muka kai su asibiti a Lafiya aka duba su. Mazubin kuwa shi da kansa ya ɗora shi a uwar maƙera ya daddake da masaba, a gaban maƙerin da muka kai shi wurinsa koyon aiki. Yanzu wata huɗu ke nan. Yana ƙera fartanya da lauje, makon jiya ma ya gyara mana sikelin shago da muka yi niyyar yarwa.

Roƙonmu gare ku, iyaye maza da mata, a riƙa leƙa bayan ɗaki a ga me samari ke haɗawa. A daina fasa tsohon batiri a cikin gida, a sayar wa masu sayensa a rufe yadda yake. Maharbanmu na gaskiya kuma, don Allah ku je ku daidaita takardunku da hukuma, ku nisanta kayanku daga yara da madafi. Wanda ke da yaro mai hannu, ga maƙera, ga masu walda, ga kanikawa a bakin titi.

Allah ya tsare mana zuriya, ya zaunar da Ashige da jihar Nasarawa lafiya. Amin.