Tauraruwar da ke Tsirowa a Duwatsun Alps

Yawancin masu ziyartar ƙasar Suwizalan idonsu a sama yake, wajen ƙololuwar duwatsu masu rawanin ƙanƙara. Kaɗan ne ke sunkuyawa su dubi abin da ke gindin ƙafarsu, alhali a can ma akwai abin lura.

A watan Yuli na hau jirgin ƙasa daga Wilderswil, kusa da garin Interlaken. Layin dogon, wanda aka buɗe a 1893, yana da haƙora a tsakiyarsa don kada jirgi ya sulɓe a kan gangara. Bayan kusan awa guda muka isa Schynige Platte, tudu mai tsayin kusan mita 2,000 daga gaɓar teku, inda ake hango duwatsun Eiger da Jungfrau. Dab da tashar akwai lambun tsirran tsaunuka da aka buɗe a 1929. A nan na tsuguna gaban furen da masani Linnaeus ya raɗa wa suna Aster alpinus a 1753. Kalmar aster a harshen Girka na nufin tauraro, kuma sunan ya dace da shi.

Tsironsa da ƙyar yake kai taƙi ɗaya. Ganyayensa na ƙasa a tattare suke a gindi, masu faɗin kai kamar ƙaramin cokali, kuma da su da karan duk suna da gashi mai laushi. Kowane kara fure ɗaya tak yake ɗauka a kansa: tsakiya rawaya, gewaye kuma launin shunayya. Sai dai abin da ido ke ɗauka fure ɗaya, taron furanni ne. Kowane ɗigon rawaya na tsakiya cikakken fure ne mai siffar bututu, haka kowane harshe na gewaye fure ne mai zaman kansa, wanda ke janyo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Wannan tsari shi ne tambarin danginsa baki ɗaya, kuma a cikin dangin akwai latas da shuwakar da muke miya da ita.

Gajartarsa dabara ce ta rayuwa. A kan tsauni iska na da kaifi, amma ƙasa da duwatsu na riƙe zafin rana, don haka mai kwanciya ƙasa ya fi mai miƙewa samun ɗumi. Gashin jikinsa na rage ƙafewar ruwa. Da sanyi ya shigo, tushensa yana nan da rai a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, har bazara ta dawo. Yana son fili mai rana da ƙasa mai duwatsun farar ƙasa, wadda ba ta da taki da yawa, kuma a Alps ana samunsa har wajen mita 3,000. Irinsa na da gashi kamar na tumfafiya, iska ke yaɗa shi.

To, a nan damuwar take. Duwatsun Alps na ɗumama fiye da matsakaicin duniya. A 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun yi asarar kusan kashi 10 cikin ɗari na girmansu. Ɗumin yana ba dogayen ciyayi da ƙananan itatuwa damar hawowa daga ƙasa, musamman inda makiyaya suka daina kai dabbobi. Tsiron da ya jure sanyi ta hanyar ƙanƙan da kai ba shi da dabarar da zai yi da inuwar maƙwabci. Zai iya matsawa sama, amma kowane dutse yana da iyaka.

Ɗalibanmu na ilimin tsirrai su lura: ba sai an sare ko an tumɓuke ba sannan tsiro ke ɓacewa. Wani lokaci ya isa a ce wurin da ya saba da shi ne ya sauya.