Ƙarfen Dalma

A Ruwan Godiya, wutar lantarki ce ke zaɓa wa mai gyaran rediyo kayan aiki, kafin a zo maganar aljihu. Injin hura iska mai zafi, wanda masu gyaran waya na Farm Centre a Kano ke ɗaga ƙananan sassa da shi, yakan ci wat 700. Batirin sola da nake da shi ba zai iya ɗaukarsa ba. Saboda haka da na sayar da waken suya na je Funtuwa, ƙarfen dalma mai aiki da batirin mota na saya, sai mitar awon wuta.

Wajen dalmar kam ban yi rowa ba. Na nemi mai kashi 60 kuza, kashi 40 dalma, domin tana narkewa da wuri, kafin zafi ya ɗaye layin tagulla. Mai arha takan daskare toka-toka, ta saki bayan kwana biyu. A garin da ake kwana da kunne a kan labarin hanya kuwa, tsoho in ya kawo rediyonsa sai ya zauna a dakali, ba ya tashi sai ya ji muryar Kaduna.